Hawan Dutsen Kufena ido na ƙasa

Da zarar iskar hunturu ta fara tsage wa mutane leɓe, sai waya ta dame ni. Tsofaffin ɗalibaina ne da abokan zama na Tudun Wada, tambayar kuma ɗaya ce: "Malam, bana yaushe za a je Kufena?" Na haura shekara 20 ina hawan dutsen nan, wani lokaci da ɗaliban da nake koya wa tarihi, wani lokaci da 'ya'yana, wani lokaci mu uku kawai da abokai. Bana gwiwa ta ce ba za ta kai kowa da kowa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda nake yi, wanda ya ga zai iya ya haɗa 'yan'uwansa su tafi.

Kufena ba dogon dutse ba ne. Wanda ya san duwatsun Kagoro zai kira shi tudu, kuma yaro ɗan shekara 10 yana hawansa ba tare da an riƙe masa hannu ba. Yana yamma da birnin Zariya, Wusasa na kwance a gindinsa. Abin da yake damuna shi ne yadda akasarin masu zuwa suke yi: su hau a guje kamar ana korarsu, su ɗauki hoto a ƙoli, su sauko suna haki, alhali tun daga gonakin da ke gindin dutsen suke tattaka kayan mutanen da suka rayu a wurin tun ba a fara rubuta sunan Zazzau a takarda ba. Ni hawan da nake koyarwa na mai duban ƙasa ne.

Kafin ranar tafiya, ka ware sa'a ɗaya ka shiga gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu a nan Kaduna. Ido ba ya gane abin da bai taɓa gani ba. Ka tsaya gaban kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu na mutanen dā da aka tono a ƙasar nan, da tsofaffin tukwane da kayan ƙira, ka dubi kaurin yumɓu, ka dubi zanen da ke wuyan tukunya. In za ka je da yara, da su za ka shiga. Na sha gwadawa, yaron da ya fara ratsa gidan tarihi shi ke riga kowa tsinkayar abu a kan dutse.

Sai lokaci. Da damina kada ka je. Dutsen sulɓi gare shi in ya jiƙe, gansakuka kan kwanta a inda ruwa ke gangarowa, kuma ba wanda yake so hadari ya riske shi a wurin da ya fi komai tsawo a yankin. Da bazara, watan Maris da Afrilu, kafin ƙarfe 10 dutsen ya zama tanda, har ta cikin takalmi za ka ji shi. Watan Nuwamba sararin sama garau yake, mai son hangen nesa lokacinsa ke nan, sai dai ciyawa tana nan tsaye har ƙugu, ta rufe ƙasa, ta kuma ɓoye macizai. Ni daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu nake zuwa. An gama girbi, dabbobi sun cinye harawa da karmami, wasu wuraren wuta ta ci, ƙasa ta fito tsirara. Hazo zai iya hana ka ganin Samaru daga sama, na yarda da wannan asarar, domin abin da na je nema yana kusa da ƙafata.

Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Ka yi sallar asuba ka kama hanyar tashar Kawo, motocin Zariya ba sa daɗewa ba su cika ba da safe. Za ku wuce Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero da Jaji. Ka gaya wa direba a Ɗan Magaji za ka sauka, kada ya kai ka cikin gari. Tun kafin ku iso za ka hango dutsen ta hannun hagu. Daga nan ɗan acaɓa ko mai Keke zai shigar da kai Wusasa, ya ajiye ka inda gidaje suka ƙare. In an bar Kawo ƙarfe 6:30, yawanci ƙarfe 8 ana gindin dutse. Ranar Asabar ta fi, Juma'a za ka yi ta duban agogo.

Kada ka tafi kai kaɗai, ko da kai gwani ne. Mutum uku shi ne mafi ƙaranci: in ɗaya ya gurɗe ƙafa, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako. Mutum goma kuma sun yi yawa, sai a koma hira a bar duba. Ka faɗa wa na gida inda za ka da lokacin dawowa. Kuma halin da ƙasarmu take ciki ba ɓoyayye ba ne, saboda haka kwana ɗaya kafin tafiya ka kira wani da ka sani a Zariya ka tambaye shi lafiyar hanya da lafiyar yankin. In ya ce a dakata, a dakata.

Kaya ba su da yawa, amma takalmi kam ba na sassauci a kansa. Silifas da takalmin fata mai santsin ƙasa su ne ke kayar da mutane. Kambas mai ƙasan roba ya isa, kuma takalmin robar nan da Fulani makiyaya ke sawa yana kama dutse fiye da wasu masu tsada. Ka sa wando mai kauri saboda ƙarangiya, da riga mai dogon hannu, da malafa ko hular da za ta kare ƙeya. Kaftani mai tsawo yana harɗe ƙafa a gangara. 'Ya'yana mata kan sa dogon wando a ƙarƙashin riga mai faɗi, su ɗaure hijabi gajere, domin iskar sama takan cika dogon hijabi ta ja mutum gefe. Ruwa lita 2 ga kowane mutum, a jakar goyo don hannuwa su zama a sake. Dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa. Sanda ɗaya mai ƙwari. Ƙaramin littafi da biro. Leda guda wadda za ka dawo da shararka a ciki. Turare kuwa ka bar shi a gida ranar nan, zan faɗi dalili in mun kai sama.

Da ka iso, kada ka faɗa gonar mutane kai tsaye kamar ba mai ita. Wurin nan a gare ka yawon buɗe ido ne, a gare su kuwa gida ne da abinci. Za ka tarar da wani yana ɗaure kara ko yana kiwon awaki, ka tsaya ka yi sallama ka gaisa gaisuwa cikakkiya. Wusasa gari ne na Hausawa Musulmi da Kirista tun da mishan suka koma can daga cikin birni a 1929, suka gina cocinsu na ƙasa da har yau yake tsaye, saboda haka mutanen sun saba da baƙi. Wani dattijo da na daɗe ina tararwa a gonarsa, a zuwana na farko na ce masa, "Baba, sannu da aiki. Baƙi ne mu daga Kaduna, dutse muke so mu hau, ta ina ya fi sauƙi?" Ya dube ni ya dubi takalmana, ya ce, "Ɗana, ka bi inda awaki ke bi. Akuya ba ta hawa ta inda za ta faɗo." Sannan ya kira jikansa ya ce ya raka mu. Har yau wannan shawarar nake bi, kuma ita nake ba ka: ka nemi yaron unguwa ya yi muku jagora, ku yi jinga tun a ƙasa, in kun sauko ka ƙara masa wani abu a kai. Hanyoyin suna sauyawa da inda aka yi shinge da inda masu fasa dutse suka ci, ɗan gari ne kaɗai ya san ta bana.

Aikin duba daga nan gindin yake farawa, kuma a nan nake cinye rabin safiyata. Abu na farko, ganuwa. Kada ka sa ran bango mai tsawo irin na Ƙofar Doka. Abin da ya rage wani dogon tudun ƙasa ne mai kama da ƙatuwar kunya, ya miƙe ya ratsa gonaki, wani wuri ya ɓace inda garma ta cinye shi, ya sake ɓullowa gaba, galibi da alamar kwari a gefensa inda aka ɗebi ƙasar. Mutane suna kiransa ganuwar Amina. Labarin da aka gada ya ce sarautar Zazzau daga Turunku ta taso, a ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu, ta zauna Kufena, sannan ta koma inda birnin yake a yau. Masana sun rabu kan zamanin Amina, wasu ƙarni na 15 wasu na 16. Amma zaman mutane a gindin duwatsu irin wannan ya girmi ganuwar nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake in ka tsaya ka duba. Ruwan da ya sauka a kan dutse gangarowa yake yi ya taru a gindi, ƙasar wurin ta riƙe danshi, ta yi taushi ga mai noma da ƙaramar fartanya. In maƙiyi ya taso, ga mafaka a sama. Haka Dala ta yi wa Kano, haka Turunku, haka nan.

Ka nufi inda ka ga tsofaffin kukoki sun taru. Kuka abokiyar zaman mutum ce, inda ta yi yawa a fili galibi kufai ne. Ka rage tafiya, ka ɗan duƙa, ka duba bakin kunya da inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Minti biyar na farko ba za ka ga komai ba sai tsakuwa. Daga nan sai tsingaro ɗaya ya bayyana, ja-ja ko baƙi-baƙi, da ɗan lanƙwasa irin ta cikin tukunya. Da ka ga ɗaya, sai ka tarar ashe kana tsaye a kan ɗaruruwa.

Ga yadda ake karanta shi. Ka ɗauka, amma ka sa yatsan ɗaya hannun a gurbin da ka ɗauke shi don ka mayar daidai. Ka duba bakin karaya: in ya yi kaifi sabuwar fashewa ce, in ya dakushe ya yi sumul ya daɗe yana birgima. Ka duba ko ɓangaren baki ne, domin daga lanƙwasar baki kana iya ƙiyasta faɗin tukunyar, ko tulu ce ko kasko. Sai ado. Maginan tukwane na dā sukan murɗa igiya su mirgina ta a kan ɗanyen yumɓu, ta bar layuka a karkace, wasu kuma su sassaƙa ɗan itace su mirgina, wasu su yi zane da tsinke. Akwai adon da yake ba da shekaru da kansa: wanda aka yi da totuwar masara. Masara daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1500, don haka tukunyar da ke ɗauke da sawun totuwa ba za ta girmi wannan lokaci ba. Haka ma gutsuren lofe, tunda taba ita ma daga can ta zo. Ranar da na nuna wa ɗiyata wannan, tana 'yar shekara 12, ta yi shiru can ta ce, "Baba, ashe tuwon masara baƙo ne." Na ce mata ƙwarai, gero da dawa su ne 'yan gida.

Wani abin da za ka iya cin karo da shi a gonakin Zariya shi ne kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama an cire ƙarfe. Baƙi ne, yana da nauyi fiye da girmansa, jikinsa da ƙananan ramuka kamar kumfa ta daskare, wani kuma da alamar ya taɓa kwarara kamar narkakken kitse. Kada ka rikita shi da marmara, ita ja ce kuma tana marmashewa. In ka ga gutsuren bututun yumɓu da bakinsa ya ƙone har ya yi ƙyalli, wannan ta cikinsa ake hura iska zuwa murhun narka ƙarfe. Masu binciken Jami'ar Ahmadu Bello sun tona irin waɗannan murahu a Samaru, tazarar 'yan kilomita daga nan, gwaji ya nuna sun haura shekara 1,000.

To, sai hawa. Ka bi jagora, ka bi hanyar awaki, ko da ka ga wani falalen dutse a gabanka yana kiranka da cewa shi ne gajeriyar hanya. Falale daga ƙasa yana kama da mai sauƙi, sai ka kai tsakiyarsa ka ga ba gaba ba baya. Inda dole ka taka falale, ka ɗora tafin ƙafarka duka, ba kan yatsu kaɗai ba, ka yi gajerun taku, ka riƙa ratsawa a karkace, hagu sannan dama. Kada ka kwanta da ƙirji a jikin dutse don tsoro, yin haka ke sa ƙafa ta zame, tsayuwa a kan ƙafa ita ke sa roba ta kama. Ka guji baƙaƙen layukan da ruwa ya bi, ko a rani suna da santsi. Ciyawar da ta tsiro a kan falale ba abin riƙo ba ce, saiwarta a kan 'yar ƙasa take kamar tabarma, da ka ja za ta biyo ka. Mafi rauni a cikinku shi ke bin bayan jagora, mafi ƙarfi ya tsaya a ƙarshe. Matasa kan kai sama cikin rabin sa'a. Ni sa'a ɗaya da rabi nake yi, saboda tsaye-tsaye.

Inda nake tsayawa shi ne duk wurin da dutsen ya yi kafaɗa, ya ba da fili mai ɗan faɗi kusa da inuwa. A irin nan ake samun ramukan niƙa, kuma cikin duk abin da ke kan duwatsun ƙasar nan ba wanda yake taɓa ni kamar su. Rami ne mai tsawo kamar akushi da aka ja, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ya fi zurfi a tsakiya. Yadda za ka bambanta shi da kwarmin da ruwan sama ya ci: ka sa tafin hannu. Na ruwa yana da kaushi, bakinsa ba tsari. Na niƙa sumul yake kamar cikin tangaran, kuma sau da yawa a jere suke, uku, biyar, kusa da juna. Ka durƙusa a gaban ɗaya kamar yadda kakarka take durƙusawa gaban dutsen niƙa, ka miƙa hannuwa, za ka ji tsawon ramin daidai da tafiyar hannunka. Dutsen nan mai tauri ne ƙwarai, shi ake fasawa a yi kankare. Ka auna yawan geron da aka niƙa kafin ya lotsa haka, da yawan safiyar da mata suka jeru a nan suna hira, yara na wasa a bayansu. Da sassafe, rana na ƙasa-ƙasa, inuwa kan kwanta cikin ramukan su fito sarai. Da tsakar rana kana iya wuce su ba ka lura ba, wannan ma wani dalili ne na sammako. Wani lokaci kuma za ka ga ƙananan ramuka zagayayyu a layi-layi kamar gurbin dara.

Akwai wani abu da na yi a zuwana na farko wanda har yau nake jin nauyinsa. A wata zaizayar ruwa na tsinci gatarin aradu. Wanda bai san shi ba, wani ɗan dutse ne mai duhu, an goge shi ya yi santsi, bakinsa ɗaya da kaifi kamar gatari. Mutanenmu suna cewa tsawa ce ke jefo shi, masu magani ma suna nemansa. Gaskiyarsa, hannun mutum ne ya wasa shi a kan wani dutsen, aka ɗaura masa ƙota ana sare itace da shi tun ƙarfe bai wadata ba. Na jefa shi a aljihu na kawo Kaduna, ya yi shekara uku a kan teburina. Daga baya na kai wa wani malami mai binciken kayan tarihi, ina ɗokin ya faɗa mini shekarunsa. Ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, a ina daidai ka ɗauke shi? Me ke kusa da shi? A saman ƙasa yake ko ruwa ne ya tono shi?" Ban iya amsa ko ɗaya ba. Ya miƙo mini abina a hankali ya ce to babu abin da zai iya faɗa mini wanda ban sani ba.

Ga abin da na fahimta daga ranar. Dutse ko tsingaro ba ya faɗin shekarunsa shi kaɗai. Masu bincike suna duba shimfiɗar ƙasar da abin yake kwance a ciki, na ƙasa ya girmi na sama, su nemi gawayi ko ƙonannen hatsi a shimfiɗa ɗaya da shi, su kai ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon da ya rage a ciki. Da haka aka san shekarun Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono kan yumɓu na farko kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu. Wajen 1943 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ga wani kan da wani ya taɓa kafawa a gonar doya yana korar dabbobi da shi, ya gane dangin na farko ne. Masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a 2005 tare da 'yan Najeriya sun nuna al'adar ta faro wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gero suke nomawa. Amma wurare da dama masu tonon sayarwa sun riga su, sun kwashe kawunan an fitar da su ƙasashen waje, sun bar ramuka da ƙasa a hargitse wadda ba mai iya karanta ta kuma. Wanda ya sa gatari ɗaya a aljihu, irin ɓarnar ya yi, ƙarama ce kawai.

Saboda haka in ka ga abu, ka yi masa hoto a inda yake kafin ka taɓa. Ka ajiye biro ko makulli a gefensa don a gane girmansa. Ka ja baya ka ƙara hoto na biyu wanda zai nuna wata bishiya ko wani dutse da za a gane wurin da shi. Ka buɗe taswirar wayarka ka adana wurin, ka rubuta a littafinka abin da ke kewaye. Sannan ka mayar da shi gurbinsa. Kada ka tona, ko da sanda. In abin ya fi ƙarfin tsingaro, kamar tukunya sukutum da ruwa ya fara tonowa, ko ƙasusuwa, ko siffar yumɓu, ka kai hotunan gidan tarihi na Kaduna ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma kada ka baza ainihin wurin a Facebook. Kufena yana cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana, ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, kuma doka ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba izini. Masu zuwa da fenti suna rubuta sunayensu da na 'yan matansu a jikin dutse kuwa, na taɓa ganin an rubuta a kan ramin niƙa kansa, raina ya ɓaci har na kasa cin abincin da na zo da shi.

Wajen sama akwai manyan duwatsu da suka jingina da juna suka bar loko da inuwa. Suna da daɗin zama, kuma mutanen dā sun fake a irinsu, amma ba kai kaɗai ke son su ba. Ka buga sanda kafin ka shiga, kada ka zura hannu a tsaguwar da idonka bai ga ƙarshenta ba. Kasa da kububuwa ba sa gudu da wuri kamar sauran macizai. Ƙudan zuma kuma suna gida a tsagogin, su ne dalilin barin turare, kuma su ne dalilin da zai sa ka hana yara jifa da ihu. In ka ji gunjinsu ko ka ga suna shiga suna fita a wani wuri, ku ja baya shiru ku sake hanya. Wasu za su ce maka akwai iskoki a dutsen, tun zamanin Maguzawa ake faɗin haka. Ka yi addu'arka ka wuce. In ka tarar da masu ibada sun keɓe a wani gefe, Kiristoci kan hau yin addu'a, ka ba su wuri kada ka ɗauke su hoto.

A ƙoli iska ce za ta fara tarbarka. Ka sa rigar sanyi kafin gumi ya bushe a jikinka. In hazo ya yi sauƙi, gabas ga birnin Zariya da rimayensa, arewa ga Samaru, ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna ta kewaye, kudu kuma hanyar da ka biyo ta miƙe ta ɓace. Ka nemi layin ganuwar da ka taka ɗazu, daga nan sama ta fi fitowa, za ka ga yadda ta lanƙwasa ta rungumi gonaki da yawa, domin masu ginin sun so ko an kewaye su da yaƙi su ci gaba da noma a ciki. Ku ci dabino, wanda zai yi walaha ya yi, alwala da ruwan gora kaɗan ta isa. Rabin sa'a ya wadatar.

Ku fara sauka kafin ƙarfe 11:30. Saukar ta fi hawan haɗari, domin ƙafa ta gaji kuma ido na kallon nesa. Ku bi ta inda kuka hau, kada wani ya ce ya hango gajeriyar hanya. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka sa sanda a gaba, inda gangara ta yi tsanani ka zauna ka ja jiki da hannuwa, ba abin kunya ba ne, ni haka nake yi a wurare biyu. Ku bar tazara tsakaninku don wanda ya zame kada ya kwashi na gabansa. Yara a nan suke son gudu, a nan kuma za ka ɗaure fuska.

In kun iso ƙasa, ka sallami jagora, ka koma ka yi wa mai gonar ban kwana, in ka zo da goro ko sabulu ka ba shi. Ka cire ƙarangiya daga wando tun kafin ka shiga mota, ka zazzage takalmi, ka laluba aljihun yara, domin ko ka yi gargaɗi sau goma sai ka samu ɗaya ya ɓoye tsingaro, a ba jagora ya mayar. A yi azahar a Ɗan Magaji, a sha fura in an samu mai kyau, a tsaya bakin titi. Motocin Kaduna suna wucewa a kai a kai, wanda ya shiga ƙarfe 2 zai yi la'asar a Kawo. Da dare, tun abin yana sabo a kai, ka zauna da littafinka ka rubuta wa kowane hoto inda aka ɗauke shi.